Diddigen Kawu a Hoto na Tara

A gidan mahauta aka haife ni a Birnin Gwari, kuma ni kaɗai ne a gidan wanda ganin jini ke sa shi neman wurin zama. Tun ina ƙarami aka gane ba za a more ni a kwata ba. Da aka aiko cewa kowane gida ya ba da yaro ɗaya a sa a makarantar boko, ba a ma yi shawara ba, kowa ya juyo ya dube ni. Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya ce gidanmu ya yi wayo, an sallami gwamnati da akuyar da ba ta da nama.

Makaranta ta karɓe ni fiye da yadda gida ya zata, har na kai kwalejin horon malamai a Zariya, lokacin Turawa ba su daɗe da miƙa mulki ba. A can na shiga ƙungiyar masu ɗaukar hoto, ba don sha'awa ba, sai don ita kaɗai ce ƙungiyar da ba a sa mutum ya tashi ya yi jawabi. Malamin kimiyya da ke kula da mu ya lura ni ne nake mayar da komai inda na ɗauko shi, sai ya yarda in riƙa tafiya gida da kyamarar in an yi hutu. Ya kuma haɗa ni da wata jaridar Hausa da ke son hotunan wasanni da na makaɗa daga ƙauyuka, tunda ma'aikatanta ba sa son shiga motar da za ta ratsa dajinmu.

Kyamarar wani baƙin akwati ne mai ido biyu, ɗaya bisa ɗaya. Ba a ɗaga ta zuwa fuska. A wuya ake rataye ta, a riƙe ta a ciki, a buɗe murfin sama, a sunkuya a leƙa kamar mai duba ko tuwo ya nuna. Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai, don na sami sana'ar da zan tsaya gaban mutum in yi ta kallonsa ba tare da mun haɗa ido ba. Amma tana da aibi guda. Madubin da ke cikinta yana juya abu, wanda ke damanka sai ka gan shi a hagu. In mutum a tsaye yake, babu damuwa. In ya motsa, dole ka bi shi ta inda idonka ya ce ba can ya yi ba. Hoto goma sha biyu fim ɗaya ke ɗauka, kuma ina da ɗan littafi da nake rubuta kowanne a ciki, da lambarsa da wurin da inda rana take.

Da wannan akwati na san manyan mutanen zamanin. Wani mawaƙi da ake jin muryarsa a rediyo kusan kullum ya taɓa yada zango a garinmu. Mutumin da ke sa attajirai su tuɓe riga su ba shi, ya ƙi tsayawa in ɗauke shi sai da aka aro masa tabarau na malamin asibiti. Ya sa, ya daina gani, 'yan amshinsa suka riƙe shi kada ya auka kwatami. 'Yan ƙwallo kuwa ba sa son a ɗauke su suna wasa. Kafin a fara suke jeruwa, riguna tsaf, mai tsaron gida a kwance a gaba yana rungume da ƙwallo, kuma sau da yawa lokacin ne kawai zan ga ya kama ta. Malaman mishan na Kusasu da leburorin hanya sun taɓa ɓata rabin yamma suna gardamar wa zai tsaya kusa da kofin da ba a riga an ci ba. Duk wanda na ɗauka, komai girmansa, tambayarsa ɗaya ce bayan na danna: "Agogon ya fito?"

Abin da ban taɓa ɗauka ba shi ne dambe, ko da yake wasan gidanmu ne. Kawu ɗan dambe ne tun kafin a haife ni, gajere, wuyansa da kansa faɗinsu ɗaya, in yana tafiya kamar yana ture wani abu. A shekarar da nake magana furfura ta fara cin gemunsa, kuma kakata ta sa shi ya yi alkawari cewa daga wannan kaka ba zai sake naɗa hannu ba. Ya yarda, amma akwai abin da ke cin ransa. Kowane ɗan dambe yana da takensa, kuma in makaɗi ya buga taken yakan lissafa waɗanda mutumin ya kashe, wato waɗanda ya sa hannunsu ko gwiwarsu ta taɓa ƙasa. Lissafin Kawu yana da tsawo, amma duk 'yan gida ne. Babba a cikinsu wani mai faci ne na Dogon Dawa, shi ma sau biyu ake ambatonsa don a cike wuri. Kawu yana son ya ajiye zare da mutum guda na kirki a cikin takensa.

Sai ga shi bayan an gama girbi wani zakaran dambe ya sauka garin daga wajen Sakkwato, da makaɗinsa da mai naɗa masa hannu. Dogo ne, layu a damtse har ba ka ganin fata, kuma an ce ba a taɓa kai shi ƙasa ba. A gidan Sarkin dambe ya sauka, aka yanka masa rago. Ranar kasuwa bayan la'asar aka haɗu a filin bayan tasha. Kafin a fara komai zakaran ya hango akwati a wuyana, ya yafito ni. Hoto uku ya ci mini yana tsaye shi kaɗai ya ɗaga dunƙule, ya ce in durƙusa in ɗauko shi daga ƙasa don ya ƙara tsawo. Agogo bai da shi, don haka layu ya tambaya ko sun fito.

Kawu ya fito ya yi kirari ya ce zakaran yake so. Mutane suka yi dariya, har da na gidanmu.

A karawar farko, wadda 'yan dambe ke kira turmi, ba a yi komai ba, sai zagaye da harara. Ni ina gefe a sunkuye, na ɗauki biyar, duk na mutum biyu masu kallon juna. A turmi na biyu Kawu ya duƙa kamar zai tsinci wani abu, ya taso da naushi daga ƙasa. A cikin gilashina na ga dogon ya yi hagu da ƙarfi. Na manta duk abin da malamin kimiyya ya koya mini, na juya akwatin hagu. Filin ya ɗauki ihu gaba ɗaya, yatsana ya danna. Da idona ya natsu, abin da ke cikin gilashin wani siririn mutum ne mai doguwar hula.

Kafin in ɗago kai, zakaran yana tsaye a kan ƙafafunsa, ana ta hayaniya. Kawu yana tsalle yana nuna ƙasa, yana cewa tafin hannun ya taɓa. Waɗanda ke gefen tasha suka ce sun gani da idonsu, waɗanda ke gefen kasuwa suka ce tangaɗi kawai ya yi. Sarkin dambe ya ɗaga sandarsa ya ce babu kisa. Aka yi turmi na uku, ba wanda ya sami wani, aka raba. A duk filin nan na ɗauka ni kaɗai ne ba ni da ra'ayi, don ni ban gani ba.

Kawu ya ratso mutane ya zo gabana, hannunsa ko warwarewa ba a yi ba.

"Ɗan boko, ka ɗauka?"

Na dubi ƙasa. Na ce, "Na danna, Kawu."

Ya kamata in ƙara magana, amma bai jira ba, ni kuma ban saba a jira ni ba. Ya ɗaga hannuna sama kamar ni na yi damben, ya shaida wa duk wanda ke wurin cewa ɗan 'yar'uwarsa ya kama abin a cikin akwati, wanda ya ci rago ya jira ya gani.

Washegari zakaran ya wuce da mutanensa, ya bar mu da gardama. Kawu ya je wurin makaɗin gidanmu, wani tsoho mai kalangu da ya yi wa kakana kiɗa, ya ce ya sa kisan a cikin take. Tsohon ya ƙi.

"Ina bayanka, jikinka ya kare ni. Ban gani ba."

"Baba, kai da ka kira mai jaki ɗaya mai garken dawaki, yau kake tsoron ƙarya?"

"Wannan roƙo ne, kowa ya san roƙo. Kisa daban. In na buga kisan da ba a yi ba, makaɗan wasu garuruwa za su sa ni a waƙa. Kawo hoton yaron nan, in akwai, zan buga."

Haka garin ya ɗora komai a kan akwatina. Dole in je Zariya in wanke fim ɗin, don a nan ne akwai ɗakin duhu. Kawu ya raka ni tasha da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ba ni kilishi ƙunshi guda, sannan ya fito da wata laya ya ɗaure a igiyar kyamarar, ya ce an gaya masa zakaran yana da asirin da ke hana faɗuwarsa zama a idon mutane, kada ya bi hoton a hanya ya goge. Ya gargaɗi direba kada ya bari kowa ya zauna kusa da ni. Haka na ratsa daji a gaban babbar mota ni kaɗai kamar amarya, mutane suna baya a kan buhunan doya suna zagina a hankali. Bayan Dogon Dawa motar ta kafe a wani rafi, kowa ya sauka ya tura, ni aka ce in zauna in riƙe amana.

A ɗakin duhu na yi tunanin in buɗe taga haske ya cinye fim ɗin in huta. Hannuna ya kai ga sakata. Abin da ya hana ni ba tsoron Allah ba ne kaɗai, na riga na rubuta hotunan a littafi ɗaya bayan ɗaya, kuma ban san yadda zan zauna da shafin da ke cewa goma sha biyu alhali babu ko ɗaya ba. Na wanke. Na farko zuwa na uku sun fito tas, har ɗinkin layu kana gani. Na tara ma ya fito tas, wannan ne abin baƙin cikin. Ga makaɗin baƙo a tsakiya da hularsa, ga kawunan 'yan kallo, sai can ƙasa a kusurwa wani abu fari mai tsaguwa kamar busasshen rogo. Na daɗe ina dubawa kafin na gane diddigen Kawu ne.

Da na dawo, a zauren Sarkin Pawa aka taru da hantsi. Sarkin dambe yana nan, da tsohon makaɗi, da Kawu cikin rigar da yake zuwa Masallacin Juma'a da ita, da duk wanda zauren ya iya ɗauka. Na miƙa hotunan a jere, don ban iya miƙa abu a hargitse ba. Aka yaba na zakaran, Sarkin dambe ya ce kai, ka ga namiji. Aka wuce na zagaye. Na ce, "Wannan ne na turmi na biyu," na miƙa na tara.

Sarkin Pawa ya duba, ya juya shi, ya duba bayansa. Ya miƙa wa Kawu. Kawu ya kai shi bakin ƙofa inda akwai haske.

"Ina muke?"

Sai wani daga baya ya ce, "Asiri ne. Ai an faɗa. Ya ɗauke kansa daga hoton, ya haɗa da abokin wasan."

Zauren ya yi ajiyar zuciya. Kowa ya sami abin da zai tafi da shi gida. Sarkin dambe ya gyaɗa kai ya ce shi da ma ya san ba ƙaramin mutum ya saukar ba, kuma tunda hoto bai nuna komai ba, hukuncinsa na nan. Wasu suka fara tausaya mini, suna cewa yaro ya yi iya ƙoƙarinsa, boko ba ya ja da irin waɗannan mutane. Abin da ya rage mini in yi shiru, kuma shiru ne abin da na fi kowa iyawa a garin. Sai na dubi Kawu. Ya koma ya zauna, hoton a kan gwiwarsa, yana kwance layar da ya ɗaura wa kyamara a hankali, kamar wanda ya kama ta da cin amana. Ban taɓa ganinsa haka ba.

Na tashi. Wannan ne jawabina na farko a duniya, kuma a gaban mahauta na yi shi.

"Ranka ya daɗe, ba asiri ba ne. Ni ne na juya ba daidai ba."

Na rataya wa Sarkin Pawa akwatin, na buɗe murfin, na ce ya leƙa. Na roƙi wani ya bi ta ƙofar zaure daga dama zuwa hagu. Sarkin Pawa ya bi shi da akwatin, sai ga shi yana kallon bango. Ya sake gwadawa, ya sake samun bango. Ya ce, "To, wannan abu munafuki ne." Aka yi dariya, amma ba duka a kan akwatin ba.

Kawu bai yi dariya ba. Ya ce, "Shekara nawa kana karatu?"

"Goma sha ɗaya, Kawu."

"Goma sha ɗaya. Ba a koya maka dama da hagu ba. Ɗan akuyar da na yanka jiya ya san inda wuƙa ta fito."

Ina tsaye ina karɓa, sai tsohon makaɗi ya yi gyaran murya.

"Kai yaro, tsaya. Kana nufin wannan ba hoton wani lokaci ba ne daban? Daidai sa'ad da aka yi ihu ka danna?"

"Daidai, Baba. Ihun ne ma ya sa na danna."

"Ba ni."

Aka miƙa masa. Ya kai shi kusa da hanci, ya nesanta, ya sake kawo shi. Ya daɗe. Sannan ya sa farce a kan siririn mai hula.

"Ku dubi hammatarsa. Ina kalangun?"

Muka matsa. Kalangun ya zame daga hammatar mutumin, yana lilo a maratayinsa wajen ƙugu. Sandar kiɗan na hannunsa amma ta kalli ƙasa, ɗaya hannun kuma yana bisa hula.

Tsohon ya ce, "Makaɗi yana tsayawa inda zai ga ɗan wasansa, aikinsa ke nan. In yaronka ya yi tangaɗi, matse kalangu kake yi ka ƙara wuta, don ya ji ya tsaya. Tun ina saurayi nake wannan abu, ban taɓa ganin wanda ya saki ganga don tangaɗi ba. Ba ka saki sai ka ga ya taɓa ƙasa. Hannunka ne ke saki, ba ya ma tambayarka."

Sarkin dambe ya ce, "Ai mun ji kiɗa bai tsaya ba."

"Kiɗana kuka ji. Shi kuma ya farga ya ci gaba, ba wawa ba ne. Amma yaron nan ya kama shi kafin ya farga."

"Hoton makaɗi ba hujja ba ne a dambe. Na riga na yanke."

"Sarki, riƙe hukuncinka, sandarka ce. Kalangu nawa ne."

Ya jawo kalangunsa daga bayansa, ya saƙala a hammata, a nan cikin zauren da hantsi ya buga taken Kawu. Ya bi lissafin nan da muka haddace tun muna yara, ya ambaci mai facin Dogon Dawa sau ɗaya tak, sannan ya sa dogon Sakkwato a ƙarshe. Kawu ya miƙe ya ɗaga dunƙule a cikin rigar Juma'a, hannun rigar ya zame har kafaɗa. Sarkin dambe ya tuna yana da wani uzuri a kasuwa.

Jaridar ba ta buga hoton ba. Editan ya maido mini shi da 'yar takarda yana tambaya ina 'yan damben. Ya buga na farko, wanda zakaran ke tsaye shi kaɗai da layu.

Kawu ya cika alkawarin kakata, bai sake naɗa hannu ba. Ya sa aka yi wa na tara gilashi, ya rataye shi a rumfarsa sama da teburin nama, inda ƙuda da hayaƙin balangu suka yi ta aiki a kansa shekara da shekaru. Baƙo in ya zo sayen nama ya tambayi ko wane ne mai hular, Kawu yakan ajiye wuƙa ya goge hannu ya ba da labarin tun daga turmin farko. In mutumin ya ce, to kai ina kake a ciki, sai ya ɗora yatsa mai maiƙo a kusurwar ƙasa ya ce, "Ga ni nan." Gilashin wurin ya yi baƙi da yawan taɓawa, har daga baya diddigen ma ba a gani.

Bai taɓa yi mini godiya ba. Amma ranar da zan koma makaranta ya zo tasha ya maido layar, ya ɗaure ta a gefen dama na akwatin, ya ce in na rikice in bi wajen da take.